Tsifa da tazar gashi mai cika: yaya za a yi kada ya karye?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawara a kan gashin 'yata mai shekara 7. Allah ya ba ta gashi mai cika da tauri, irin wanda da zarar an tsefe shi sai ya nannaɗe ya koma ya kwanta a fatar kai, kuma duk ranar tsifa yini ake yi tana kuka. Nakan tsefe da kibiya, in wanke da sabulu, in bari ya bushe, sannan in shafa basilin in taje, amma abin da yake fita a jikin mataji yana tayar mini da hankali, domin wani lokacin yakan cika tafin hannu, ga shi kuma gashin ya tsaya wuri ɗaya ba ya ƙara tsawo. Maƙwabciyata ta ce in sa mata rilaksa, man nan da yake miƙar da gashi, kowa ya huta, mahaifinta kuma ya ce a aske, ni kuwa ba na son ko ɗaya daga ciki. Don Allah wadda ta san hanyar warware irin wannan gashi ba tare da ya karye ba ta taimaka mini.

Hajiya Talatu Mai Kitso:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin in ce komai ina so ki gaya mini tsawon lokacin da kitson yake yi a kanta, da kuma ko kina warware gashin kafin ki sa ruwa, domin a bayaninki na ga kin tashi daga tsifa kin wuce wanki kai tsaye.

Maman Ilham:
Hajiya, yakan kai wata ɗaya da rabi, wani lokacin har wata biyu, saboda ina tausayin kukan da take yi. Ba na tajewa kafin wanki, domin a ganina idan ya yi tsabta zai fi sauƙin taza.

Hajiya Talatu Mai Kitso:
To, nan gizo ke saƙar. Kullum akwai gashin da yake barin saiwarsa, kuma idan kai a kitse yake wannan gashi ba shi da hanyar faɗuwa, sai ya zauna a cikin kitson yana taruwa. Idan kin tsefe kitson da ya daɗe, ki duba gindinsa da kyau, za ki ga wani abu fari-fari mai danƙo ya kewaye gashin daidai inda sabon toho ya tsaya. Wannan tsohon mai ne da ƙura da gumi da mataccen gashi suka haɗu. Muddin kika zuba ruwa da sabulu a kansa kika cuɗa, to mataccen gashin zai naɗe wa mai rai, ya dunƙule ya zama curi, kuma daga nan duk matajin da ya shiga sai ya fito da na banza da na kirki tare.

Abin da nake yi wa yaran da ake kawo mini shi ne, ina tsefe kitso ɗaya, ban taɓa na kusa da shi ba sai na gama da shi. Daga bakin jela nake farawa, in sa kibiya a tsakanin saƙar in buɗe ta hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba a soka kibiya a tsakiyar kitso a ja ta ƙasa, domin wannan fizga ce, ba tsifa ba. Idan na kai gindi sai in lakato man kaɗanya ko man shanu da na narkar a tafin hannu, in murza wannan dauɗa da yatsu biyu har ta saki, in buɗe gashin gefe da gefe, sannan in shafo shi a hankali zuwa ƙasa, mataccen ya zamo ya fito da kansa. Da na gama sai in murɗa wurin in yi masa kalaba sako-sako, domin idan aka bar shi a sake zai koma ya sarƙe kafin a gama sauran kan. Ruwa kuwa ba ya taɓa kan sai an gama wannan aiki duka. Kuma ki daina barin kitson yarinya ya wuce mako 3, ko 4 idan ya daɗe, domin jinkirin da kike yi don tausayi shi ne yake ƙara mata wahalar.

Malama Saudatu:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma ina so in ƙara wa Maman Ilham lissafin da zai kwantar mata da hankali. Mutum mai lafiya yakan zubar da silin gashi tsakanin 50 zuwa 100 a kowace rana. Idan kitso ya yi mako 6, wato kwana 42, to sili 2,100 zuwa 4,200 ne suke jiran ranar tsifa, saboda haka cikar tafin hannu ba ita ce abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne irin gashin da ya fita. Ki shimfiɗa farin ƙyalle ki baza shi a kai: wanda kika ga dogo ne kuma yana da ɗan farin ɗigo a gindinsa, wannan lokacinsa ne ya yi ya faɗi, wani zai fito a gurbinsa, wanda kuwa kika ga gajere ne, guntu-guntu, babu wannan ɗigo, to karyewa ya yi, kuma shi ne asara. Gashi yana tsawo kusan santimita 1 a wata, don haka yarinyar da ta shekara kanta bai ƙaru ba, ba tsayawa gashin ya yi ba, yana fitowa ta gindi ne yana karyewa ta baki.

Sai dai da girmamawa, Hajiya, akwai inda nake ganin maganar tana bukatar ƙari. Na yarda ba a wanke kai kafin a fitar da mataccen gashi, amma ban yarda a yi aikin a busasshen gashi ƙayau ba. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne irin na mutanen da gashinsu yake a miƙe, shafaffe ne kuma yana murɗewa a tsawonsa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Wannan lanƙwasa ce kuma take hana maiƙon da fatar kai take fitarwa ya gangara har ƙarshen sili, shi ya sa bakin gashinmu yake bushewa. Idan ya ɗan sha ruwa sai ya yi laushi, naɗewar ta sassauta, mataji ya wuce da ƙarfi kaɗan. Mafi munin abin da na gani a bayanin Maman Ilham shi ne barin kai ya bushe bayan wankin sabulu sannan a taje, domin a lokacin gashin ya tsuke, ya rasa maiƙonsa, kuma basilin ba ya ba shi ruwa, rufe shi kawai yake yi a yadda ya same shi.

Hajiya Talatu Mai Kitso:
Malama, na ji bayaninki kuma ban musa karatunki ba. Amma ni abin da idona ya gani nake faɗa: an sha kawo mini kan da aka jiƙa kafin a warware, ya dunƙule a ƙeya har sai da aka sa almakashi, uwa na hawaye 'ya na hawaye. Idan aka ce wa mace ta sa ruwa, buta za ta ɗauka ta kwarara. Iyayenmu da man shanu kaɗai suke tsifa, kuma gashinsu bai ƙare ba.

Malama Saudatu:
Gaskiya ne Hajiya, kuma tsoronki yana kan hanya. Abin da nake nufi yayyafi ne, ba kwarara ba: a tsoma yatsu a ruwa, ko a fesa da 'yar kwalbar feshi sau ɗaya ko biyu a kan kitson da ake tsefewa kaɗai, yadda gashin zai yi sanyi a hannu amma ba ya ɗiga, sannan man ya biyo baya. Abin da yake dunƙule kai shi ne ruwa mai yawa tare da kumfa da cuɗawa. Man shanun ma da kika ambata, ɗanyensa yana ɗauke da ruwa a cikinsa, wanda basilin ba shi da shi.

Anti Falmata:
Sallama gare ku daga Njamena. Ina bin muhawarar Hajiya da Malama, kuma ina ganin akwai abin da zai haɗa su, wanda yake cikin kicin ɗin kowace Bahaushiya, wato karkashi. A nan Chadi ana ce masa ambunu, kuma mata suna amfani da shi wajen wanke kai da warware gashi, har ya kai ana ƙulla shi a leda ana sayar wa mutanen ƙasashen waje da tsada, alhali shi ne dai ganyen da muke miya da shi. Ana ɗibar busasshen ganyen cikin hannu ɗaya, a zuba masa ruwan zafi, a rufe kamar minti 15, sai a motsa har ya yi yauƙi yana bin cokali, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ɓarɓashinsa ya maƙale a kai. Idan ya huce ana shafa shi a kashi ɗaya na gashin, daga baki zuwa gindi. Duk wadda ta gwada za ta ji yadda yatsunta suke zamewa a cikin gashin da ɗazu ba ya shiguwa, ƙulli yana kwancewa ba tare da an ja shi ba. Idan babu karkashi, ruwan dafaffiyar kuɓewa da aka tace yana yin kusan wannan aiki. Sharaɗi biyu ne: kada a sa kanwa kamar yadda ake yi idan miya za a kaɗa, kuma a haɗa wanda za a yi amfani da shi a ranar, domin yana saurin lalacewa.

Tun da na san za a tambaye ni batun chebe, wato garin gyaran gashi da ake amfani da shi a nan Chadi, bari in faɗa tun yanzu. Matan da aka san su da shi a nan suna kwaɓa garin da mai su shafa a jikin gashin, ba a fatar kai ba, su kitse su bar shi. Tsawon da ake gani a kansu ya samu ne saboda gashin yana cikin mai kuma ba a yawan taɓa shi, sai ya daina karyewa. Ban ba da shawarar a sa wa yarinya 'yar shekara 7 ba, domin garin yana da wuyar fita, kuma zai ƙara aiki ranar tsifa.

Hajiya Talatu Mai Kitso:
Karkashi kam na yarda da shi, Falmata, da shi aka wanke mana kai muna yara. Idan yauƙinsa za a shafa kitso bayan kitso, ba ni da ja. Amma ina nan a kan bakana cewa kumfa ba ta hawa kai sai mataccen gashi ya fita.

Ramatu Damagaram:
Barkanku da wannan tattaunawa. Anti Falmata, mene ne laifin kanwa, tun da ita take ƙara wa karkashi yauƙi? Kuma ina tambayar Malama game da sabulun salo, domin a gidanmu da shi muke wanke kai, kuma na lura bayan wanki gashin yana yin kaushi har yana ƙara a hannu.

Malama Saudatu:
Yaya Ramatu, amsar tambayoyinki biyu ɗaya ce. Kowane silin gashi yana da ɓawo mai hawa-hawa, ɗaya a kan ɗaya, duka suna fuskantar bakin gashin. Idan ɓawon ya kwanta, sili yana zamewa a jikin ɗan'uwansa. Idan ya tashi, sai su riƙa kama juna. A ma'aunin tsami da kanwa da masana suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, gashi da fatar kai suna zaune ne wajen 4.5 zuwa 5.5, wato ɓangaren tsami kaɗan. Sabulu irin na salo yana wajen 9 zuwa 10, kanwa ma a wannan ɓangare take, kuma duk abin da ya yi can yana kumbura gashi ya ɗaga ɓawonsa. Kaushin da kike ji ke nan. Ban ce ki bar sabulun salo ba, amma ki narkar da kaɗan a ruwa maimakon goga curinsa a kai, ki wanke fatar kai da tafin yatsu alhali gashin yana cikin manyan kalaba 6 ko 8, ki bar kumfar ta gangara da kanta, kada ki tattara gashin a tsakiyar kai kina cuɗawa. Bayan ɗauraya ki bi da karkashi ko kwandishina, wato man laushin gashi da ake sawa bayan wanki, kuma a wannan lokaci ne mataji yake shiga, ba bayan bushewa ba.

Zainab A.:
Ni dai ina ganin ana tsananta wa rilaksa. Na daɗe ina sawa, gashina yana tazuwa cikin minti kaɗan, kuma ba kowace uwa ce take da yinin da za ta zauna tana bin kitso ɗaya-ɗaya ba, musamman mai aiki ko mai 'ya'ya mata uku. Idan zai hana yarinya kuka, mene ne aibinsa?

Sista Hadiza:
'Yar'uwa Zainab, uzurin rashin lokaci gaskiya ne, kuma babbar mace tana da ikon zaɓar abin da za ta yi da kanta. Amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙon Maman Ilham kada ta sa wa 'yar shekara 7. Yawancin rilaksa sinadarinsa soda ne mai ƙarfi ko danginsa, yana kaiwa 12 zuwa sama a ma'aunin da Malama ta ambata, kuma yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya ɗaurin da yake riƙe da ƙarfin silin, abin da ba ya komawa. Fatar kan yaro ba ta kai ta babba kauri ba, ga shi ba za ta iya zama shiru ko ta faɗi daidai lokacin da ya fara cin ta ba, kuma na ga yara da ƙuna a ƙeya da bayan kunne saboda haka. Sannan matsalar taza ba ta ƙarewa, domin bayan wata biyu sabon gashi mai naɗewa zai fito a ƙarƙashin miƙaƙƙen, kuma mahaɗarsu ita ce wuri mafi saurin karyewa a kan gaba ɗaya.

Akwai abubuwa biyu kuma da nake so ta duba ranar tsifa. Na farko gaban goshi da saman kunne: idan akwai ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ko gashin wurin ya yi shara-shara, to kitson yana yin tsauri. Jan da ake yi wa saiwa yana cinye gaban kai a hankali. Idan an sassauta da wuri yana dawowa, idan aka shekara da shekaru ana yi saiwar takan mutu. Na biyu, idan ta ga wani fili zagayayye mai fari-fari inda gashi ya kakkarye daf da fata, wannan makero ne, ba laifin mataji ba ne. Na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an je asibiti an ba da maganin sha na makonni, kuma a ware wa yarinyar matajinta da hularta don kada ta shafa wa 'yan'uwanta.

Zainab A.:
Na gode Sista. Batun yarinya na karɓa. Mahaɗar da kika faɗa ma na san ta, domin a nan nawa yake tsinkewa idan na jinkirta. Amma har yanzu ina cewa a faɗa wa uwa hanyar da za ta rage tsawon aikin, in ba haka ba za ta gaji ta koma wa ƙaramin mataji.

Maman Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambayar Zainab ita ce tawa. Wane irin mataji zan saya, kuma ta yaya zan riƙe kan don kada ta ji zafi?

Hajiya Talatu Mai Kitso:
Ki nemi babban mataji mai wara-waran haƙora, ki shafa shi a bayan hannunki tun a kasuwa. Idan kin ji yana karta, ko akwai tsinin roba a tsakanin haƙoran, ki ajiye shi, domin abin da ya karce fata zai yanke gashi. Ƙaramin mai matsattsun haƙora na fitar da tsaga ne kawai. Yatsunki su ne matajin farko, kuma ki yanke farce ki cire zobe kafin ki fara. Idan za ki taje, ki kama kashin gashin da hannun hagu ki damƙe shi a tsakiya, yadda duk jan da za a yi zai tsaya a hannunki bai kai fatar kanta ba, ki fara daga ƙarshen baki da ɗan tsawon gaɓar yatsa, idan ya wuce sumul ki ƙara hawa sama kaɗan, har ki kai gindi. Kamar zaren saƙa ne da ya cukurkuɗe, ta bakinsa ake bi, wanda ya ja ta tsakiya ƙara ɗaure shi yake yi. Idan mataji ya tsaya, ki cire shi ki koma da yatsu da ƙarin karkashi. Ƙullin da ya ƙi kwancewa bayan haka ki yanke shi da almakashi mai kaifi daidai samansa, kada ki tsinke da hannu, domin bakin da aka tsinke yana tsagewa ya sake kama na kusa da shi.

Game da lokaci kuwa, ba dole ba ne a gama a zama ɗaya. Ki tsefe rabi da yammacin Juma'a ki yi kalaba, ki ƙarasa da safiyar Asabar, ki wanke, ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi ba tare da gogawa ba, ki shafa man kaɗanya tun da sauran danshi, ki bar shi ya bushe a cikin kalabarsa kafin ta sa hijabi ko a kai ta kitso. Ki zaɓi lokacin da ta ci ta ƙoshi ba ta jin barci. Kuma idan kitson mako 3 ne manya-manya, ba ƙananan da suke kwana biyu ana yi ba, za ki ga tsifar ba ta cin rabin lokacin da take ci yanzu.

Anti Falmata:
Ƙari ɗaya saboda hunturu, wanda a nan ma yana busar mana da kai ƙwarai. Tsakanin tsifa da tsifa a riƙa ɗan fesa wa kitson ruwa sau biyu a mako a bi da mai kaɗan, kuma ta kwana da hula mai santsi irin ta satin, domin ɗankwalin atamfa da rigar matashin kai ta auduga suna shanye man kuma suna goge ƙeya, inda ya fi ko'ina dunƙulewa.

Maman Sadik:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Jaririna yana wata 4, kuma da na tsefe kitson da aka yi mini tun bayan suna, gashin da ya fita ya ninka abin da na saba gani, gaban kaina har ya fara haske. Na duba kamar yadda Malama ta ce, kusan duka dogaye ne masu farin ɗigo. Shin ita ma wannan hanyar zan bi?

Sista Hadiza:
Ita za ki bi, Maman Sadik, tare da ƙarin lallaɓawa. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yakan tsaya saboda canjin sinadaran jiki, sai ya zube gaba ɗaya daga wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma ga yawancin mata yana daidaita kafin yaro ya shekara. Saboda mataccen gashin ya yi yawa a wannan lokaci, kanki ya fi saurin dunƙulewa, don haka kada kitso ya wuce mako 2 a kanki, a yi shi manya kuma sako-sako, a bar gashin gaban goshi kada a kama shi, kuma ki fitar da wanda ya zube da yatsu kafin kowane wanki. Idan zubar ta zarce shekara, ko tana tare da jiri, kasala da bugun zuciya, ki je asibiti a auna jininki, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yana tsawaita ta.